Sunan da Na Laƙaba wa Kofur

Ni ne mai laifi, ba Kofur ba. Gara in faɗi haka tun daga farko, domin duk wanda ya san labarinmu a Sabonjida, unguwarmu a Tamale, daga bakina ya ji shi, ni kuwa a karkace na riƙa ba da shi fiye da shekara ashirin. Karatuna bai yi nisa ba, a makarantar midil na tsaya. Zan rubuta abin yadda ya faru.

Ni da Kofur unguwa ɗaya muka tashi. Gidansu na kallon namu, titi ne kawai a tsakani. Rana ɗaya muka shiga soja. Ya fi ni karatu, na fi shi ƙarfi da murya, a bariki kuwa murya ta fi saurin kai mutum gaba. Na sami igiya uku na zama saje, shi yana nan da biyu. Ban taɓa ƙaunarsa ba. Yana da wata ɗabi'a ta yin shiru har ka gama magana, sannan ya gyara maka abu ɗaya a gaban mutane, kuma yawanci shi ke da gaskiya. Shi ma bai ɓoye ba cewa kallon jaki mai kaki yake yi mini.

Aka tura mu aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa mai tsaunuka wadda ba zan ambaci sunanta ba. Mutumin Tamale bai san dutse ba. Ƙasarmu a shimfiɗe take, abin da muke kira tudu tsohuwa na hawansa da tulu a ka ba ta tsaya ta huta ba. Can kuwa sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshen tsauni ba. Sansaninmu yana ƙasa cikin kwari, inda ake zafi kamar gida. A cikinmu Kofur kaɗai ya taɓa hawa sama, domin an tura shi mako biyu ya koyi aiki wajen sojojin wata ƙasa, gajeru masu faɗin ƙirji, waɗanda aka haifa a kan irin waɗannan duwatsu. Ya dawo da ɗan littafi cike da rubutu, ni kuma na ƙara jin haushinsa.

Akwai wata hanya da motocin abinci ke bi, ana harbinsu daga sama. Oda ta zo cewa mu goma sha biyu mu hau mu kafa wurin gadi a saman tsaunin da ke kallon hanyar. Kyaftin ɗinmu matashi ne daga bakin teku, bai taɓa hawa abin da ya fi bene ba. Ya shimfiɗa taswira a kan mota ya ce in zaɓi hanya.

Zaɓi uku ne a gabanmu. Ko mu jira jirgi mai saukar ungulu ya kai mu, wanda ba za a samu ba sai bayan mako. Ko mu bi wani kwazazzabo da ya miƙe sama kai tsaye. Ko mu zagaya ta doron tsaunin. Na sa yatsa na auna a taswira. Kwazazzabon bai kai daga Sabonjida zuwa Kukuo da ke gefen garinmu ba. Na ce gobe da la'asar muna sama muna shan shayi.

Kofur ya bari na gama, kamar kullum.

"Saje, a dutse ba a auna hanya da yatsa. Da awa ake aunawa."

"Ji Malam Akuya. Mako biyu a dutse ya zama ɗan gari."

"Kwazazzabon nan rami ne. Duk wanda ke kafaɗarsa ta dama ko ta hagu yana kallon tsakiyar kanka, kai ba ka ganinsa. Wanda ya riƙe sama shi ke da hanya. In dole sai mun bi ta ciki, a fara sa mutum biyu biyu a kafaɗun, su riƙa gaba muna biye. Amma ni doro zan bi."

"Kwana nawa?"

"Huɗu. Mu kwana biyu a ƙarshen hanyar mota tukuna, jiki ya saba. Iskar sama ba ta ƙosar da huhu. Ana hawa da rana a aje kaya, a sauko ƙasa kaɗan a kwana. Kuma a rage kayan, kowa ya ɗauki ruwa da yawa."

Na yi dariya har sojoji suka taya ni. Na ce mu da muke tafiyar yini guda da kaya cikin zafin Tamale, iska mai sanyi ce za ta kayar da mu? Na ce a hau a sauko a sake hawa, aikin mahaukaci ne ko na mai tsoron isa. Kyaftin yana son ya aika wa manya labari mai daɗi da wuri. Ya ce a bi ta Saje.

Mota ta kwashe mu daga kwari ta kai mu ƙarshen hanya a yini ɗaya. Tun a nan kaina ya fara sarawa, ban gaya wa kowa ba. Washegari muka shiga kwazazzabo da kaya niƙi-niƙi, ban sa kowa a kafaɗa ba. Taku goma sai ka tsaya kana haki kamar an kore ka. La'asar ta same mu ba mu yi rabi ba, muka yada zango a wani garken duwatsu na makiyaya.

Mai ɗaukar babbar bindigarmu wani Badagombe ne daga Kukuo, manomi kafin ya shiga soja, ya fi kowa girma da ƙarfi. Da gari ya waye ya kasa ɗaura takalminsa. Yana tari, kumfa mai ɗan ja na fita, leɓɓansa sun yi toka-toka, in ka kusance shi kana jin ƙirjinsa na kurkur kamar ruwa a tulu. Jikinsa da ɗan zafi.

A gida, ciwon kai da zafin jiki suna ɗaya gare su. Na buɗe jakata na ba shi ƙwayar maleriya biyu. Na ce ya haɗiye ya ɗauki bindigarsa, in ya yi gumi zai warware.

"Wane sauro ne a nan?" in ji Kofur. "Ruwan gorarka ya daskare."

"Daga ƙasa ya taho da ita."

"Saje, ciwon tsauni ne. Ruwa ne ke taruwa a huhunsa. Maganinsa ɗaya, a sauke shi yanzu. In ya ƙara hawa, gobe gawa za mu ɗauka."

Oba-oba, rediyon da muke magana da sansani, ba ta kama kowa, duwatsun sun tare ta. Babu wanda za a tambaya. Na ce ba mai sauka. Mutum ɗaya a kwance sai huɗu sun ɗauke shi, wato zan rasa biyar cikin goma sha biyu saboda zazzaɓi. Kofur bai ƙara yi mini magana ba. Ya kira mutum uku da sunansu, suka ɗaura bargo a kan sandunan tanti, suka ɗora mutumin Kukuo. Na tsaya a gabansa na ce oda ce.

"Rubuta ni," in ji shi, ya ratse ta gefena.

Kamar awa ɗaya bayan tafiyarsu aka buɗe mana wuta daga kafaɗar dama, daidai inda ya nuna a taswira. Ba mu ga kowa ba. Muka kwanta bayan duwatsu muna harbi sama, harsashinmu na wuce su can nesa, domin ba a taɓa koya mana harbi a kan hawa ba. Aka sami ɗaya daga cikinmu a cinya. Muka kwanta a nan har bayan azahar, sai gajimare ya sauko ya rufe kwazazzabon. Cikin hazon muka zubar da kaya muka gangaro a guje, muna jan mai rauni. Ni ne a gaba.

Ga inda laifina na gaske ya fara. Abin da ya gabata jahilci ne, wannan kuwa da sanina na yi. Kwana biyu bayan haka na je asibitin sansani duba mutanena. Likitan ya tare ni a ƙofa ya ce ruwa ya kusa cika huhun mutumin Kukuo, da ya ƙara rabin yini a sama da ba a kawo shi da rai ba. Ya tambaye ni wa ya yi dabarar sauko da shi. Na ce, "Mu ne." Washegari aka zauna bincike, na miƙe na ce Kofur ya ji harbin farko ya ɗebi mutum uku ya gudu, ya fake da mara lafiya. Abu ɗaya kawai na canza, wanda ya riga wani tsakanin harbin da saukarsa. Mutum shidan da ke tare da ni suka yi shiru, domin na rufa musu asirin kayan da suka zubar. Ukun da suka bi shi an ɗauke su abokan laifinsa, ba a saurare su ba. Kyaftin ma labarina ya fi masa sauƙin rubutawa. Aka cire wa Kofur igiyoyinsa aka mayar da shi gida kafin lokaci, bai daɗe ba ya bar aikin. Mutumin Kukuo aka ɗauke shi a jirgi bai san inda yake ba, aka sallame shi don rashin lafiya, na ji ya tafi kudu noma.

Da na dawo Sabonjida da lamba a ƙirji, ni na fara kiransa Kofur Gangara. Sunan ya kama kamar wuta a ciyawa. Masu sayar da koko sun san shi, direbobin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, suna kwatance da shi. Da farko ya yi ƙoƙarin ba da nasa labarin, amma ni ke da lamba, shi kuwa an cire masa igiya. Bayan shekara biyu ya daina. Ya buɗe rumfar gyaran keken ɗinki a ƙofar gidansu, yana zaune yana fuskantar titi daga safe har magariba.

A wannan gefen titin, ƙarƙashin darbejiya, akwai besi ɗinmu, inda muke zama ana dafa shayin ataya. Bayan na yi ritaya can nake yini. Suna ce mini Janar. Duk lokacin da aka ji ana yaƙi a wata ƙasa mai duwatsu, sai wani ya miƙo mini waya ya ce, "Janar, duba mana, su wa za su ci?" Ni kuwa sai in jera kofunan ataya a kan benci. Wannan kofi doro ne, wannan kwazazzabo. In ce musu wanda ya riƙe sama shi ke da hanya. In ce ba a auna dutse da yatsa, da awa ake aunawa. In ce babban kwamanda ba ya tura mutane cikin rami sai ya sa masu gadi a kafaɗu, kuma runduna kaɗan da ta saba da iskar sama ta fi taro mai haki. Su yi ta jinjina kai. Duk kalmomin Kofur ne, ko ɗaya ba nawa. Da ƙarfi nake faɗa, yana jina a tsallake.

Wani lokaci ba ya iya haƙuri. Sai ya ɗago kai daga keken da yake kwancewa.

"Likitan sauro! Yau ma ana raba ƙwaya?"

"Gyara kekenka, Gangara. In allura ta yi ƙara kada ka gudu."

'Yan besi su fashe da dariya. Ba su san me ya sa yake ce mini likitan sauro ba, ba wanda ya tambaya.

Shi ma ba waliyyi ba ne. Da damina ya taɓa toshe kwatar titi ta gefensa, ruwa ya shiga zaurena. Ranar idi na miƙa masa hannu a gaban Afa, limamin masallacinmu, ya duba hannun ya sa nasa a aljihu. Da mahaifiyata ta rasu ya zo jana'iza ya tsaya can baya, bai yi mini gaisuwa ba. Matanmu suka daina gaisawa, 'ya'yanmu suka tashi suna hararar juna ba su san mafari ba. Duk wannan na riƙa tarawa ina gaya wa kaina cewa mugu ne, ya cancanci abin da ya same shi.

Mafi muni shi ne shekarar da ɓarayin babur suka dami unguwa. Aka taru a ƙofar masallaci za a kafa 'yan sintiri. Afa ya ce ni ƙafata ta fara ciwo, a ba Kofur shugabanci tunda ya san aikin. Na ga fuskarsa a lokacin. Ya gyara zama, ya cire tabarau, har ya fara cewa a raba unguwa kashi huɗu. Na ce, "Afa, in ɓarawo ya yi tari fa? Sai can Sagnarigu, bayan gari, za mu tsinci shugabanmu." Aka yi dariya har Afa ya sunkuyar da kai. Aka ba wani mai sayar da taya. Tun daga ranar Kofur ya daina sallah a sahun gaba, yana shigowa an tayar ya fita da an sallame.

A bana aka fara cewa zai bar unguwa. 'Yarsa tana aure a Sagnarigu, ta gyara masa ɗaki. Zai bar gidan da aka haife shi, gidan da ubansa ya gina. Wani a besi ya ce, "Wannan karon ma gangarawa zai yi." Na yi dariya tare da su.

Mako ɗaya kafin tashinsa, wata ranar Laraba da hantsi, yalo-yalo ta tsaya a gaban besi. Wani dogon tsoho ya sauko, ya rame, yana riƙe da zabi biyu an ɗaure musu ƙafa, direba na sauke masa doya. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Mutumin Kukuo ne. Ya dawo gida daga kudu, ya zo ya gode wa wanda ya ɗauke shi. A hanya ya ce wa direba gidan Kofur, direba ya ce, "Kofur Gangara?" ya kuma ba shi labarin duka, irin nawa.

Bai yi sallama ba. Ya tsaya a kaina da zabinsa.

"Saje. Kai ka ce Kofur ya gudu?"

"A'a, wa nake gani haka? Sannu da zuwa! Ku ba shi benci."

"Ni ba na zauna. Kai ka ce ya gudu?"

"Masa, mutumina, kai ba ka cikin hayyacinka ranar."

"Na sani kaɗan. Na sani ka ba ni magani biyu, ka ce ɗauki bindiga. Na sani Kofur ya sa ni cikin bargo. Ni ban ji bindiga ba. Ko ɗaya. Mun yi nisa, mun kai wurin ruwa, sannan bindiga ya fara a sama. Kofur ya ce a ajiye ni zai koma, sauran suka ce in ya koma ni na mutu."

Wannan na ƙarshe ban taɓa sani ba. Mai ataya ya tsaya da buta a sama. A tsallake Kofur ya ajiye abin da ke hannunsa.

Allah ya kawo mini ƙofa har inda nake zaune, na sa ƙafa na rufe ta. Na miƙe na ɗaga tsohuwar muryar fareti. Na ce wannan bawan Allah ciwon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, shi ya sa aka sallame shi. Na ce mutumin da bai san sunan uwarsa ba a ranar shi zai gaya mana ƙarfe nawa aka yi harbi? Na ce a tambaye shi nawa Gangara ya ba shi na mota. Ya buɗe baki, Hausarsa ta ƙare, ya koma Dagbanci, yarensu, tari ya sarƙe shi. Wani ya kwaikwayi tarin. Aka yi dariya. Na sake ci.

Ya tsallaka titi. Ya durƙusa a gaban rumfar Kofur, tsoho da shi, ya ajiye zabin a ƙasa. Kofur ya tashe shi ya shigar da shi gida. Bai ko kalli inda nake ba.

Matata tana ƙofar gida ta ji komai. Da na shiga cin abincin rana ta ajiye mini tuwon zafi, ta tsaya maimakon ta tafi.

"Maigida, shekara nawa ina jin labarin nan. Wata rana harbi ɗaya ne ya kore shi, wata rana ruwan harsashi. Amma maganar ƙwaya yau na fara ji."

"Ke kuma me kika sani a aikin soja?"

"Ban san komai ba. Na dai san fuskarka in kana ƙarya. Da ka ɓata mutum ɗaya, yau ka ƙara na biyu, kuma mara lafiya."

Na ture kwanon na fita. Kwana uku ban je besi ba, na ce ƙafa ce. Ina kwance ina jin ana fitar da kaya a gidan Kofur, ana ja ana bugawa. Na yi ta neman hujja irin wadda na saba. Kwatar da ya toshe, hannun da ya ƙi karɓa. Ko ɗaya ba ta tsaya ba. Mutumin da na kusa kashewa da ƙwayata ya zo da zabi, na mayar da shi mahaukaci a gaban jama'a don in ci gaba da zama Janar a kan benci.

Ranar Litinin da safe na tsallaka titin. Rabona da taka ƙofar gidan nan tun muna samari. Na same shi a zaure yana naɗe kawunan keken ɗinki cikin tsumma. Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"An zo duba mara lafiya ne, likita?"

"Na zo mu yi magana. Mu biyu."

"Ina ji."

"Abin da ya faru a dutsen nan... ka san yadda soja yake. Kowa na neman tsira da kansa. Mun tsufa. Ina ganin ya kamata mu yafi juna."

Ya bari na gama. Sannan ya cire tabarau.

"Juna? Me na yi maka?"

Ya ajiye tsumman ya ci gaba.

"Saje, a zaure ka ɓata ni? A zaure ka ce Gangara? Ka zo da safe ba kowa, ka sauke kayanka a kaina, da la'asar ka koma benci ka jera kofuna. Fita mini daga gida. Jibi in na tafi ka huta."

Na fito raina a ɓace, har na ce a zuciyata ai na yi nawa, shi ya ƙi. Na kai tsakiyar titi ina wannan tunani, mai babur ya kusa kwashe ni ya zage ni. Na tsaya a bakin kwata. Ya sake gyara mini abu ɗaya a magana, kuma shi ke da gaskiya.

Da la'asar na je masallaci da wuri, na gaya wa Afa ina da magana bayan sallah. Ya ɗauka sanarwar suna ce. Masallacin ya cika, 'yan besi duk suna nan, da mai taya, da direbobi biyu. Ana sallamewa Kofur ya miƙe daga sahun baya kamar yadda ya saba, ya nufi takalminsa. Na tashi.

"Jama'a, ku dakata. Kofur, don Allah ka tsaya."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba ni baya, takalmi ɗaya a hannu.

"Ƙarya na yi muku. Shekara ashirin da wani abu ina yi muku ƙarya. Mutumin nan bai gudu ba. Ya sauko da mara lafiya awa guda kafin a yi harbi, kuma likita ya gaya mini da bakinsa cewa saukowar ce ta ceci ransa. Na sani kafin in ba da shaida. Ni na zaɓi hanyar banza, ya hana ni na ƙi ji. Ni na ba mai ciwon huhu maganin maleriya. Da aka yi harbi, ni na zubar da kaya na gudu, ni ne a gaba. Duk abin da nake koya muku a besi na yaƙin dutse nasa ne, a bakinsa na ji. Dattijon Kukuo da na ce ya haukace lafiyarsa ƙalau, gaskiya ya faɗa, gobe zan je har gidansa in faɗa a gaban iyalinsa. Wanda ya sake kiran sunan nan da na laƙaba, ya sani ƙaryata yake maimaitawa.

"Kofur, na cuce ka. Na raba ka da aikinka, na ɓata maka suna a unguwar ubanka, na sa 'ya'yanka suka tashi da kunya. Ba ka yi mini komai ba. Ba ni da abin da zan mayar maka. In ka yafe, Allah ya saka maka. In ka ƙi, ba ka yi laifi ba. Ka yi haƙuri. Na tuba."